Isnadin Sakin Ɗelu

Ni dai tun farko na ce rabin wahalar da muka sha laifin almakashin Ɗan Baba ne, kuma har gobe ban sauya magana ba. Tela ne a bakin kasuwar Madarumfa, wan ƙawata Ɗelu, kuma yana da wata cuta da ba a samo maganinta ba: ba ya iya ganin abu ya yi rara ya ƙyale shi. Zare ne, gefen tabarma ne, gashin bakin maƙwabci ne, in dai ya zarce inda idonsa ya ce ya tsaya, to hannunsa ya kai ga almakashi.

Ni Rabi da Ɗelu sana'armu ɗaya, bandar kifi a gefen tabki, murhuna na kallon nata. Mijinta Illo ya tafi Abijan neman kuɗi tun kafin a karya darajar kuɗin sefa, ya ce da girbi zai dawo. Bai dai faɗi girbin wace shekara ba. Masu zuwa kurmi sukan dawo su ce sun gan shi, ya yi ƙiba, yana gaida kowa. Gaisuwa kuwa ba ta cika tukunya. Ɗelu ta zauna ita ba mai miji ba, ita ba bazawara ba, ga kuma uwarsa, Inna Tani, wadda gwiwoyi suka ƙi, ido ma ya fara yaji. Ɗelu ke yi mata wanka, ita ke dama mata kunu, ita ke fitar da ita rana da hantsi. Na sha ce mata ta kai ƙara a raba auren nan, sai ta ce ba za ta kai ɗan matar da suke cin tuwo kwano ɗaya gaban alƙali ba. Haushi ya hana ni sake maganar.

Akwai kuma Mamman, mai bashe, wato motar a-kori-kurar da ke kai kifinmu Maraɗi. Matarsa ta rasu, kuma duk garin an san inda zuciyarsa take, har kifin ma ya sani. Amma mutum ne mai tsoron Allah, ba zai yi wa matar aure magana ba. Sai ya tsaya nesa da murhun Ɗelu ya ce, "Ina kwanan kifi?" Ita kuma ta ce, "Kifi lahiya lau." A haka suka yi shekaru, kifi na amsa gaisuwa.

Ana nan sai ga takarda. Nusaiba, wata ƴar garinmu da ta yi lakwal, wato boko, ta sami aiki a biro, wato ofishin wani proje na noman rani a Maraɗi. A biron akwai ordinatar, injin nan mai ƙwaƙwalwa, da aka ɗaura wa wayar tarho, wasiƙu na shigowa cikinta ba tare da ambulan ba, su suna kiran abin imel. Baturen da ke riƙe da injin ya koma ƙasarsu, aka ba Nusaiba ta share tarkacen da ya bari. A cikin tarkacen ta ga wani saƙo da Hausa, wanda Baturen ya kasa karantawa ya bar shi nan. Ta buga shi a takarda, ta ba shofan proje, direbansu, ta ce a kai wa Ɗan Baba tunda shi ne waliyyin Ɗelu.

Takardar doguwa ce. Fiye da rabinta na sama wasu layuka ne cunkus, lambobi da baƙaƙe da ba Faransanci ba, ba Hausa ba. Can ƙasa aka rubuta ƴar magana. Ɗan Baba ya sa aka karanta masa ta ƙasan, ya dubi ta saman, ya ga rara. Ƙwas! Ya daidaita gefe da gefe, ya hura dutsen guga da abin da ya datse, ya nufo bakin tabki da ɗan abin da bai fi tafin hannu ba, yana ta murna. Abin da ke ciki shi ne: "Ni Illo ɗan Musa na Madarumfa na saki matata Ɗelu saki ɗaya. Ta yafe mini. A gaida tsohuwa."

Ɗelu ta zauna a kan turmi. Ni na yi guɗa, sai daga baya na tuna ba a yi wa saki guɗa, amma ta riga ta fita.

Da la'asar muka je zauren Malam Isa, limaminmu. Malam Isa ba ya gaggawa ko gobara ake yi. Ya karɓi ƴar takardar, ya juya ta, ya ɗaga ta sama, ya duba bayanta.

"Rubutun hannun wa na wanga?"

"Allah gafarta Malam, ba hannu ba na, inji ya rubuta," in ji Ɗan Baba.

"To ina sa hannu? Ina hatimi? Wa ya kawo ta?"

"Shofan proje."

"Shi ya ga Illo?"

"A'a, Nusaiba ta ba shi."

"Ita ta gan shi?"

"Ita inji ya ba ta."

"Shi injin wa ya ba shi?"

Ɗan Baba ya sosa ƙeya. Malam ya aje takardar a kan buzu ya ce shi ba zai warware igiyar aure da abin da ba shi da uwa ba shi da uba ba. Ya ce yau in ya karɓi wannan, gobe duk wanda ya ƙyalla ido kan matar wani sai ya je Maraɗi ya sa inji ya sakar masa ita. Mamman da ke raɓe a bakin ƙofa, wai ya zo tambayar lokacin salla, ya sunkuyar da kai kamar shi aka kama. Raina ya ɓaci, amma gaskiya ɗaya ce, Malam bai yi ƙarya ba.

Da muka kai wa Inna Tani labari, ni na zaci za ta ji daɗi, tunda in saki bai tabbata ba mai yi mata wanka tana nan. Ashe ban san tsohuwar ba. Illo ɗanta ne na fari, ba ta faɗin sunansa, sai dai "wancan".

"Wancan bai taɓa yin abin kirki ba sai wagga takarda," in ji ta. "Ita ma za a ce ba tashi ba ta? Ku kai ni wajen Malam, ko a goye."

Ba a kai ta ba, amma aka aika wa Nusaiba cewa an ƙi takardarta. Ta sake bugo wata ta ba shofa. Shofan ya manta da ita a aljihu, sai ta buga ta uku ta taho da ita da kanta ranar Asabar, shi kuma a ranar ya tuna da tasa. Haka takardu uku suka haɗu a kan buzun Malam, biyu dogaye, ɗaya guntuwa. Ɗan Baba ya ƙidaya su, ya dafe kai.

"Innalillahi! Malam, saki ukku ke nan!"

Sai da aka ba shi ruwa. Nusaiba ta yi ta rantsuwa cewa saƙon ɗaya ne, ko sau ɗari ta ce wa injin ya buga zai buga. Wannan magana kuwa ita ta ƙara dagula lissafin Malam.

"Ɗiyata, abin da ka haihuwa ɗari, wacce ta uwar? Wacce ta ta ainihi cikin waɗanga?"

"Babu ko ɗaya, Malam. Ta ainihin tana cikin ordinatar. Waɗannan hotonta ne. Kuma wannan na sama da Baba Tela ya yanke, shi ne ke faɗin inda ta fito da inda ta biyo."

Duk zauren aka juya aka dubi Ɗan Baba. Ya ce shi dai ya ga gefen bai daidaita ba.

Malam ya ce shi ba ya hukunci da hoto, a kai shi ya ga uwar da idonsa. Kafin ya rufe baki Mamman ya ce ai dama yana da hanya Maraɗi ranar Litinin, kuma ba ya karɓar ko dala. Ranar Litinin muka tarar Inna Tani ta sa an ɗora ta a gidan gaban bashen tun da sassafe, ta ce ba ta sauka. Limamin gari guda ya hau baya tare da mu, ya zauna a kan kwandon kifi, yana riƙe da rawaninsa da hannu biyu. Da muka isa Maraɗi duk kuliyoyin unguwar sai da suka rako mu ƙofar biro.

Injin bai cika mini ido ba. Wani farin akwati ne mai gilashi, an lulluɓe shi da zane don ƙura. Nusaiba ta kunna, ta danna nan ta danna can, sai ga maganar Illo a jikin gilashin, da tarin layukan nan a samanta.

"Bon, Malam," in ji ta, "wannan daga ƙasa ake karanta shi a yi sama. Duk injin da saƙo ya ratsa ta hannunsa sai ya rubuta layinsa a bisa na wanda ya ba shi. Ga na farko nan: an karɓa daga injin wani shagon kayan gini a Abijan, ta hannun babban injin Abijan, rana kaza, ƙarfe kaza. Na biyu: an karɓa daga na Abijan, ta hannun wani a Faransa. Na uku: an karɓa daga na Faransa, ta hannun na Yamai. Daga Yamai namu ya ɗauko."

Malam da ke tsaye ya nemi kujera. Ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Na ga fuskarsa ta washe kamar wanda ya haɗu da ɗan garinsu a tashar wata ƙasa.

"Wane daga wane, daga wane, daga wane," ya ce a hankali. "Ɗiyata, ai wanga isnadi na! Haka munka karanci hadisi. Ashe waɗanga mutane sun san ba a karɓar magana sai an san wa ya ji daga wa."

Daga nan fa aka shiga uku, domin Malam ya gyara zama ya fara binciken masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya, yadda aka koya masa.

"Wanga na Faransa, an san shi da ƙarya?"

"Inji ne, Malam."

"Na ji. Shina da mantuwa?"

"In kuran, wato lantarki, ya ɗauke yakan riƙe saƙo ya jira. Amma ba ya ƙarawa, ba ya ragewa."

"To ya fi rabin mutanen kasuwa. Shi da na Yamai sun yi zamani ɗaya? Sun haɗu?"

"Waya ta haɗa su. Ga lokacin da wannan ya ba wancan, tsakaninsu ko shan shayi ba a gama ba."

"Shina salla?" in ji Ɗan Baba, don kada a ce bai ce komai ba.

Sai Malam ya yi tambayar da nake gudu. Ya ce shin mutum zai iya zama a shagon nan na Abijan ya rubuta "Ni Illo" alhali ba Illo ba ne? Na yi ta yi wa Nusaiba ido, amma yarinyar nan ba ta iya ƙarya ba. Ta ce zai iya. Ta ce layukan da injuna suka rubuta da wuya a ƙaga su, don kowanne nasa ya sa, amma sunan mai aikowa da maganar ciki, duk wanda ya zauna gaban injin zai iya rubuta abin da ya ga dama.

"Madalla," in ji Malam. "Ke nan sawun jaki munka gani. Ya nuna muna hanyar da ya biyo da ƙofar da ya fito. Bai faɗi wa ya ɗora mashi kaya ba."

Ɗelu ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Ni kuwa da ba liman ba ne da na faɗi magana. Mun sha rana, mun sha warin kifi, a ce har yanzu da saura?

Malam ya ce hanyar da ta kawo saƙo ai za ta mayar da wani. A rubuta wa mai shagon, a ce ya kira Illo da shaidu biyu Musulmi ƴan ƙasarmu waɗanda aka san iyayensu, su faɗi ko shi ya yi sakin da kuma yaushe. Sa'an nan a yi masa tambayar da ba mai iya amsawa sai shi. Kowa ya shiga tunanin tambaya. Inna Tani ce ta buga sandarta a ƙasa.

"A tambayi wancan mi ya ɗauka ƙarƙashin gadona ran da za shi tahi."

Nusaiba ta rubuta. Da ta haɗa waya, injin ya fasa wani irin kuka mai tsatsa, Inna Tani ta yi a'uziyya ta ce ko yanka shi ake yi. Aka ce mata tafiya ce ya kama. Ta ce to Allah ya kiyaye hanya.

Amsa ba ta zo ranar ba, sai a mako na gaba. Nusaiba ta kawo ta zauren Malam da kanta, takardar na cikin jaka, jakar na ƙarƙashin hammata, kuma sai da aka sa Ɗan Baba ya bar almakashinsa a waje tare da takalma. Malam ya sa aka fara karanta masa layukan sama, ya tabbatar ƙofar da ta farko ta fito ita wannan ma ta fito. Shaidu biyu sun ba da sunansu, ɗaya ɗan garin Gabi, ɗaya ɗan garin Ɗan Issa, kuma a zauren aka sami waɗanda suka san iyayensu. Sai aka zo kan tambayar tsohuwa. Nusaiba ta karanta:

"Rediyon Baba ce. Kuma a gaya mata ba ta ma aiki."

"Shi na!" in ji Inna Tani. "Shi na, ɗan banza! Ni na ce ma gari ɓarayi sunka ɗauke ta, don in rufa mashi asiri. Kuma tana aiki, shi na bai iya kunna ta ba."

Zaure ya kwashe da dariya, har Malam sai da ya rufe baki da gefen rawani. Ya ce saki ya tabbata. Mamman, wanda yau ma lokacin salla ya zo tambaya, ya jingina da bango yana hamdala. Ɗan Baba ya fara lissafin idda da yatsu, yana cewa in an fara daga yau, to sai bayan girbi.

"Dakata," in ji Malam. "Idda ba daga ranar da labari ya iso taka farawa ba, in akwai shaidar ranar da anka yi sakin. Ɗiyata, karanta muna ranar da ke layin ƙasa na takardar farko, wadda na sa ki maimaita a Maraɗi. Ki karanta da abin da shaidu sunka ce."

Nusaiba ta karanta. Duka biyun abu ɗaya suka faɗa: watan Mayu, kafin shuka. Ba na bana ba, na bara.

Dariyar ta tsaya. Ni ce na fara fahimta. Daminar bara Ɗelu ta nome gonar Illo ita kaɗai har hannunta ya fashe. Da katangar gidansa ta faɗi, ita ta kwaɓa ƙasa ta tayar. Da Salla ta share ɗakinsa ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ko zai zo. Duk wannan tana yi ne alhali sakinta na kwance cikin akwati a Maraɗi an lulluɓe shi da zane. Malam ya ce iddarta ta daɗe da cika, ko gobe aka kawo goro ya ɗaura. Ɗelu ta yi dariya, dariyar ta ƙi tsayawa, ta koma kuka. Na riƙe ta, ina zagin Illo da Baturen da bai iya Hausa ba a zuciyata, don a zauren liman muke.

Inna Tani kuwa, wadda ta fi kowa faɗa a kan maganar nan, sai kawai ta lalubi sandarta ta ce a kai ta gida.

Washegari da hantsi na shiga gidan in karɓi rariya, na tarar tsohuwar zaune a ƙofar ɗaki, ta tattara ƴan tsummokaranta da kwanon shanta da carbi ta ƙulle a zane. Da lalube ta yi ƙullin, ya karkace. Ta ce a nemo mata mai amalanke ya kai ta Gabi, akwai wani ɗan ƙanenta can, wataƙila ya karɓe ta.

"Inna, mi ya hwaru?" in ji Ɗelu.

"Ke ba surukata ba ta tun bara. Shekara guda kina wanke ni, kina kwashe abin da ba a faɗi, ba da hakki ba. Na ci na Allah-ya-isa ban sani ba. Yanzu kin samu kanki, ki tahi gidanki da sauƙi, kada ki kai ma bawan Allah kaya."

Ta ɗaure fuska. A nan na gane tun ranar da ta ce a goye ta zuwa wajen Malam ta san abin da take sarewa reshen da take zaune a kai ne, kuma ta sare.

Ɗelu ta aje muciyar da ke hannunta ta durƙusa gabanta.

"Inna, an karanta takardar nan gabanki tun daga ƙasa har sama, Malam bai tsallake layi ko ɗaya ba. Kin ji inda anka ce ke kin sake ni?"

Tsohuwar ta shafa ƙullin da ke gabanta.

"Ni ban sake ki ba," in ji ta.

"To kwance ƙullin nan, kunu na hucewa."

Da yamma aka gaya wa Mamman cewa amaryar ba ita kaɗai za ta tare ba. Ya juya bashensa ya tafi ɗibar ƙasar gini. Ɗaki biyu ya tayar, kuma na tsohuwa ya fara yi wa rufi.